Faifai a Cikin Kayan Gado

Faifan ajiyar yana juyawa a hankali a kan teburin Injiniya Hashimu, yana wani ɗan gurnani kamar kyanwa mai barci. Baƙi ne, girmansa bai wuce tafin hannu ba, ƙaramar fitilar da ke gefensa tana kamawa tana ɗaukewa. A allon kwamfutar kuwa babu abin da ya fito.

"Yana da rai," in ji Hashimu. "Abin da ake fara dubawa ke nan. Muddin faifai yana juyawa, ba a fid da tsammani."

Matar da ta kawo faifan, Hajiya Hansatu, tana zaune a kan benci, hannuwanta a cikin mayafi. Ta ba shekara hamsin baya. A gefenta ƙanin mijinta ne, Alhaji Tukur, mutum mai jiki da yawan magana, wanda tun shigowarsu bai zauna da kyau ba. Shagon yana ƙarƙashin gadar jirgin lantarki na birnin Tudun Maƙera, duk sanda jirgi ya wuce sai ƙananan kayan aikin da ke kan teburi su yi rawa su tsaya.

"Kin ji ko, matarmu?" Tukur ya ce. "Injiniya ya ce akwai rai. Yau za ki tuna ranar da kika zuba mini gishiri a kunu."

Hansatu ta juyo ta dube shi. "Ni na zuba maka gishiri?"

"Ke mana. Ina saurayi, na zo gidan Yaya na ce tuwonki da dutse ba su da maraba. Washegari kika rama."

"To, ka yi haƙuri," ta ce.

Tukur ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya fasa. Ya gyara zaman hularsa ya mai da ido kan allo.

A Tudun Maƙera na wancan zamani kusan kowane baligi yana da matuni. Wata 'yar na'ura ce da ba ta fi ƙwayar wake ba, ana dasa ta a bayan kunne. Duk abin da mutum ya gani, ko ya ji da kunne, ko ya ratsa zuciyarsa, matuni zai ɗauka ya aika Babban Rumbu, wato ma'ajiyar da hukumar birni ta gina a ƙarƙashin ƙasa. Idan mutum ya so tuna wani abu, rumbun zai dawo masa da shi kafin ya ƙifta ido, da hotonsa da sautinsa da yadda ya ji a ransa a ranar. Mutane sun yi murna da wannan ƙirƙira. An daina mantuwa, an rage musu a kan wa ya ce me. Abin da ba a lura da shi da wuri ba shi ne, ƙwaƙwalwar da aka ɗauke wa aiki takan saki aikin gaba ɗaya, kamar ƙafar da ta daɗe ba ta taka ƙasa ba. Bayan wasu shekaru, abin da ke cikin rumbu ba ya cikin kai.

Lokacin da aka fara dasa matuni, gida-gida aka yi rajista, kowane gida da sunan maigida. Hansatu tana amarya a lokacin, aka sa ta ƙarƙashin sunan mijinta, Malam Sidi, kamar yadda aka yi wa sauran matan unguwa. Babu wanda ya ga aibun haka. Da Malam Sidi ya rasu a farkon damina, aka sanar da hukuma, rumbun ya yi abin da aka tsara masa: ya rufe ma'ajiyar mamaci, ya juye duk abin da ke cikinta a faifan ajiya na gidan, ya yanke hanya. Nasa da nata suka tafi tare. Tun daga wannan yammaci Hansatu ta san sunan mahaifinta, ta san hanyar makarantar da ta yi tana yarinya, hannunta ya san girki, bakinta ya san addu'a, amma shekara talatin da wani abu na aurenta sun zama kamar ɗakin da aka kwashe kaya aka share. Allah bai ba su haihuwa ba. Abin da ya rage mata na Malam Sidi yana cikin baƙin faifan nan.

"Bari mu bi shi a hankali," Hashimu ya ce. Magana yake yi kamar mai koya wa ɗalibi, duk abin da zai yi sai ya faɗa kafin ya yi. "Bakin faifan nan irin na da ne, wayar ƙarfe yake sha. Kwamfutocin yanzu da wayar haske suke magana. Na sa musu mahaɗi a tsakani, amma ina zargin mahaɗin ne ya gaji."

Ya jawo aljihun teburi ya ɗauko wani mahaɗin, ya hura bakinsa, ya sauya. Faifan ya yi shiru, sannan ya sake kama juyawa. Wannan karon rubutu ya fito a allo: Ba a gane tsarin wannan faifai ba. A goge shi a sake tsara shi?

"Yawwa, ya gan shi," in ji Tukur, ya miƙa yatsa wajen allon. "Ai sai a ce masa e, ya gyara abinsa."

Hashimu ya riƙe wuyan hannunsa, ba da ƙarfi ba, ya mayar masa da shi kan cinya.

"Alhaji, in ka taɓa nan, duk abin da ke ciki ya tafi, ba mai dawo da shi. Kwamfuta in ba ta gane abu ba, sai ta ɗauka babu komai a wurin." Ya rufe tambayar. "Wannan faifan tsohon tsari ne a kansa. Ba ku kai shi ƙaura ba?"

"Wace ƙaura?"

Hashimu ya yi musu bayani. A tsakiyar damina hukuma ta sauya wa Babban Rumbu tsari, ta kawo sabo wanda ya fi sauri, ya fi ɗaukar kaya. Aka ba da wa'adi, aka ce duk mai tsohon faifai ya kai a juye masa zuwa sabon tsari. Wannan lokaci shi ake kira ƙaura. An aika wa kowane mai ma'ajiya saƙo a allon ɗakinsa, an kuma yi ta shela a tashoshin jirgi.

Tukur ya shafa gemu. "Shelar kam mun ji. Amma faifan nan yana ɗakin Yaya, ɗakin kuma tun da muka dawo daga maƙabarta muka sa masa kwaɗo. Kayan mamaci ne, Injiniya. Ko allura ba a ɗauka sai an raba gado. Babban wanmu kuma yana kwance ba lafiya a can arewa, ba a rabo ba ya nan. Ita kuwa tana takaba, ba ta fita. Shekaranjiya aka buɗe ɗakin, faifan ya faɗo a rabonta."

"Ba ku kaɗai ba ne," Hashimu ya ce. "Tun da aka rufe ƙaura ake kawo mini irinsa, kusan duk daga gidan rasuwa." Ya juya wajen Hansatu. "Hajiya, ba ki gaya wa kowa halin da kike ciki ba?"

"Na ɗauka haka ake ji," ta ce. "Ban taɓa rasa miji ba. Mata suna zuwa gaisuwa suna kuka, ni ina ba su ruwa. Suka yi ta cewa ba su taɓa ganin mai haƙuri irina ba. Sai da aka yi sadakar arba'in wata ta tambaye ni abin da ya fi so a abinci, na nemi amsa na rasa."

Ta faɗi haka kamar mai ba da labarin maƙwabciya.

Hashimu ya tashi ya je kusurwar shagon, ya yaye wani zane. A ƙarƙashinsa wata tsohuwar kwamfuta ce, mai kauri, fentinta ya koɗe. Ya ce tun zamanin da aka fara dasa matuni take, ita kaɗai ta rage a unguwar da ke jin tsohon tsari. Ya jona ta da wuta. Fankar cikinta ta yi ƙara kamar za ta ƙi, sannan ta daidaita. Aka jira. Jirgi ya wuce a sama. Da allon ya haska, Hashimu ya cire faifan daga sabuwar kwamfutar yadda ya kamata, ya haɗa shi da tsohuwar, wannan karon ba mahaɗi, baki da baki.

Jakunkuna biyu suka bayyana. Ɗaya an rubuta Sidi, ɗaya Hansatu.

"Alhamdu lillahi," Tukur ya ce, ya share gumi. "Ga ki nan, matarmu. Ashe a akwati aka kulle ki."

"Komai yana nan, babu abin da ya lalace," in ji Hashimu. "Yanzu saura mu ga ko zai koma inda ya fito. Hajiya, ki ɗan ja mayafin daga kunnenki na dama."

Ya kara wata na'ura mai kama da cokali a bayan kunnenta, ba tare da hannunsa ya taɓa ta ba, ya karanta abin da ta nuna. Ya ɗan jima yana kallo.

"Matuninki ya sabunta kansa," ya ce. "Haka suka yi duka a lokacin ƙaura, mutum yana barci. Yanzu sabon tsari kawai yake karɓa. Wannan ba abin tsoro ba ne tukuna. Akwai manhajar da muke kira tafinta, aikinta ke nan, ta ɗauko daga tsoho ta mayar sabo."

Ya buɗe tafintar ya nuna mata jakar Hansatu. Wani layi ya fara cika a allo, ya yi kusan rabi, ya tsaya. Rubutu ya fito: Ana buƙatar taswirar mai shi.

Hashimu ya koma sabuwar kwamfutar ya aika wa Babban Rumbu tambaya, amsa ta dawo nan take. Ya sake aikawa da lambar Malam Sidi, amsar ba ta sauya ba. Ya dawo kan faifan ya bincika lungu-lungu, har jakunkunan da ba sa bayyana sai an neme su. Ya gwada wata tsohuwar tafinta da yake ajiye da ita, ita ma ta tsaya a wuri ɗaya. Ya duba ko matunin zai yarda a mayar da shi tsarinsa na da, ya ga an toshe hanyar daga masana'anta. Hansatu tana kallon fitilar faifan.

Daga nan Hashimu ya jawo kujerarsa ya fuskance su.

"Zan faɗa muku yadda abin yake, don ku san abin da za ku zaɓa. Duk abin da matuni ya ajiye kashi uku ne: abin da ido ya gani, abin da kunne ya ji, da abin da ya faru a cikin rai. Na farko da na biyu kowace tsohuwar kwamfuta za ta iya nuna su. Na ukun shi ne mai wuya, don kan kowa daban yake. Abin da ke nufin murna a kanka, Alhaji, wataƙila ba komai ba ne a kaina. Saboda haka ranar da aka dasa wa mutum matuni, akan zana taswirar kansa, da ita ake fassara na ukun. Ba a taɓa ajiye taswira a faifan gida ba, a rumbu kaɗai take, don kada a sace."

"To a ɗauko ta a rumbun mana," Tukur ya ce.

"Na tambaya. Da aka rufe ƙaura an goge duk tsofaffin taswirori don a sami wuri. Kowa an zana masa sabuwa, sabuwar kuma ba ta karanta tsohon rubutu."

"An goge," Tukur ya maimaita. "Abin mutum, a goge ba a tambaye shi ba?"

"An tambaya, Alhaji. A allon ɗakin marigayi."

Tukur ya sunkuyar da kai. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ni na sayo kwaɗon."

"Kai ka yi abin da ake yi," in ji Hashimu. "Wanda ya tsara wa'adin ne bai tuna da takaba ba."

Hansatu ta tambaya, "Ke nan babu hanya?"

"Akwai guda ɗaya, kuma haƙƙinki ne ki sani. Tafinta tana iya yin aiki da taswirar aro. Za ta tattaro ta mata da yawa masu shekarunki, ta haɗa ta fitar da tsaka-tsaki, ta fassara da ita. Komai zai shiga kanki. Za ki gan shi, za ki ji muryarsa, kuma za ki ji wani abu a ranki."

"Ai shi ke nan," Tukur ya ce da sauri. "Da babu gwamma ba daɗi. A sa mata."

"Abin da zan ji, nawa ne?" Hansatu ta ce.

"A'a, Hajiya. Abin da yawancin mata za su ji ne a irin wannan wuri. Wani lokaci zai dace da naki, wani lokaci ba zai dace ba. Inda kika yi fushi kina iya jin daɗi. Inda ke kaɗai kika san abin da ya ba ki dariya, kina iya jin babu komai."

"In aka sa mini, zan gane wanne ne ba nawa ba?"

"Ba za ki gane ba. Kuma in ya shiga ba ya fita."

A waje wani mai sayar da ruwan sanyi yana kira, motar kaya marar direba tana neman hanya a cikin mutane.

"Ashe kukan wasu matan zan yi masa," ta ce. "A bar shi."

"Hansatu," Tukur ya ce. Rabonsa da kiran sunanta tun tana amarya.

"A bar shi, Alhaji. Injiniya, ka ce ana iya gani a allo?"

Hashimu ya juya mata tsohuwar kwamfutar, ya matso da bencin. Ya tambaye ta wace rana take so, ta ce ba ta san ko ɗaya ba, ya zaɓa. Ya shiga jakarta ya taɓa wata rana daga tsakiya.

Hoton ya fito kamar yadda idonta ya gani a lokacin. Tsakar gida ce a saman bene, da hantsi, an shanya wanki. Wani mutum siriri mai furfura a gefen kai yana zaune a tabarma da 'yar shara, yana feraye rake da wuƙa. Bai iya ba. Yana yanka shi ƙanana-ƙanana yana zubawa a kwano.

Muryar mace ta fito daga kwamfutar, tana dariya. "Malam, rabin raken ka zubar a ƙasa."

"Ke dai ki sha, Hansai," mutumin ya ce. "Wa ya ce ki yi ciwon haƙori a lokacin rake?" Ya ɗago kai ya dubi mai kallonsa, ya miƙo kwanon.

Tukur ya tashi. Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, ya fita ya tsaya a bakin ƙofa, kafaɗunsa suna girgiza.

Hansatu ba ta motsa ba. Ta kalli hannun da ya fito daga ƙasan allon ya karɓi kwanon, sannan ta fito da nata daga mayafi ta duba. Tabon ƙuna ɗaya ne a bayan babban yatsa.

"Hansai yake ce mini," ta ce.

"Haka na ji, Hajiya."

A gefen allon wasu lambobi suna ta gudu, layi bayan layi, suna hawa suna sauka. Ta nuna su.

"Waɗannan fa?"

"Kashi na ukun ke nan. Abin da kika ji a ranki a wannan hantsin."

Ta matso da fuskarta kusa da su, ta daɗe tana kallo, kamar mai kallon rubutun wata ƙasa.

"Injiniya, kai da ka yi karatun abin nan. Matar nan tana sonsa?"

Hashimu ya dubi lambobin. Ba ya son ya faɗi abin da bai sani ba.

"Ba zan iya karanta su ba, Hajiya, babu wanda zai iya yanzu. Abin da na lura kawai, duk sanda ya ɗago kai, sai su hau."

"To," ta ce. Ta ci gaba da kallo har mutumin ya gama da raken, ya tattara ɓawon da tafin hannu, ya tashi yana dafa gwiwa. "Allah ya jiƙansa. Da alama mutumin kirki ne."

"Amin."

Ta gyara mayafinta. Idonta a bushe yake.

"Zan iya dawowa gobe in ƙara gani? Mutane suna ba ni labarinsa, ni ba ni da abin da zan mayar musu. In na kalla da yawa, ko ba komai zan san shi."

Hashimu ya dubi tsohuwar kwamfutar. Fankarta ta fara wani sabon sauti da bai sani ba. An daɗe da daina ƙera kayan gyaranta, kwamfutar da ya ciro wannan fankar daga cikinta ma ta mutu tun bara. Abin da ke cikin jakar Hansatu kuwa, ko za ta zauna safe da yamma tana kallo, sai ta ƙara wata shekara talatin ɗin kafin ta kai ƙarshe. Birnin da ya yi wa mutanensa alkawarin ba za su ƙara mantuwa ba ya bar auren wata mata a hannun wannan akwati.

"Ki zo, Hajiya," ya ce. "Ki riƙa zuwa da wuri, kafin ta ɗau zafi. In ta yi zafi takan mutu da kanta."